Saman Shagon Makullai

Wata bakwai ina tara ambulan a kwalin takalmi,
masu jan hatimi a sama, sauran a ƙasa.
Ban buɗe ba. Na san muryarsu.
Waya kuwa na tura ta cikin buhun fulawa,
ta yi ta kukanta ita kaɗai.

Shekara ashirin da shida ina gasa burodi a Toledo,
titin Lagrange, gefen cocin da aka rufe.
Sai tanda ta mutu, na ranto na sayi wata.
Sai zuciyar Halina ta tsaya rabin minti,
asibiti ya rubuto lissafin da ya fi ta nauyi.
Daga nan bashi ya haifi 'ya'ya,
'ya'yan suka yi jikoki a gidana.

Lauyan farko a jikin bas na gan shi,
haƙora farare, hannu a miƙe.
Na kira. Na'ura ta ce in danna ɗaya,
in danna huɗu, in jira.
Na jira har ƙullu ya kumbura ya zube.

Na biyu yana hawa na goma sha tara, kusa da kogi.
Kafet ɗinsa ya haɗiye ƙarar takalmina.
Ya kira ni Mista Dudley sau uku,
alhali Dudek ne sunan da ubana ya bar mini.
Ya faɗi kuɗin aikinsa yana duban agogo.
Na yi dariya a cikin lif:
ashe karyewar ma sai mai hali.

Renaldo, direban da ke kawo mini yis,
shi ya rubuta suna a bayan rasit.
Ya ce, “Kar ka tambaye ni yadda na san ta.”
Ban tambaya ba.
Bashi hanji ne.

Ranar Talata, dusar ƙanƙara har idon sawu,
na hau matakala ashirin da biyu
a saman shagon da ake yanka makullai.
Odessa Pruitt. Tabarau ɗaure da zare,
hita tana tari a ƙarƙashin tebur.
Ba ta ce in kwantar da hankali ba.
Ta ce, “Miƙo kwalin.”

Ta farke su ɗaya bayan ɗaya da wuƙar man shanu,
tana jera su kamar mai shanyar wanki.
Ta ce, “Casimir, ranar wanka ce yau.
Abin da ka ɓoye mini, alƙali zai tono,
kuma shi ba ya ba da shayi.”
Na tambaye ta shari'a nawa ta yi irin tawa.
Ta nuna durowa shida da haɓa.
Na tambayi kuɗi. Ta rubuta, ta raba shi huɗu,
ta juyo takardar don in karanta da idona.

Sai lissafin abin da na mallaka.
Tanda za ta tafi. Motar kai burodi ma.
Gida, ta ce, akwai hanya, amma ba ta yi rantsuwa ba.
“Saura me?”
Na ce akwai tulu ɗaya a firiji,
tsohon ƙullu mai tsami, tun na ubana,
kullum da asuba nake ciyar da shi.
Ta cire tabarau.
“Nawa za a saye shi?”
Na ce ko sisi.
Ta ce, “To rubuta shi, ka sa sifiri a gabansa.
Babu bankin da ya iya kiwonsa.”

Na sa hannu wuri tara.
A ƙasa injin yana ta gurzar ƙarfe,
wani yana samun makullin wata ƙofa.
Na sauko da kwalin a hammata, ba nauyi.
Da na isa gida na tono wayar daga fulawa,
na hure ta.
Tana ƙara.
Na ɗauka, na karanto musu lambar Odessa
a hankali, sau biyu.